Sai Da Na Tsaya A Bayan Motar Da Kaina

Wata Alhamis na sayo dokin a kasuwar Maigatari, damina ta ɗauke ke nan. Bidi ne, ɗan shekara 5, daga wajen Nijar aka gangaro da shi. Dillali ya rantse mini ko yaro ya hau shi ba abin da zai faru, kuma bai yi ƙarya ba, domin har yau a ƙasa ban ga aibun dokin nan ba. Abin da bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba, shi ne dokin bai taɓa shiga mota ba. Da ƙafarsa ya zo kasuwa.

Duk wanda ya taɓa ganin lodin dabbobi da yammacin ranar kasuwa ya san yadda abin yake. An jingina bayan Canter da wani tudu, kowa na sauri kada dare ya yi. Bidi ya zo bakin mota ya kafe. Nan take ƙarti shida suka taru a kansa, biyu suka zagaya igiya ta bayan cinyoyinsa suna ja, ɗaya ya cire riga ya rufe masa ido, wani kuma yana zuba masa bulala. Ya yi tabarya sau biyu, a na uku suka cusa shi, aka ɗaure kansa tamau a jikin ƙarfen sama, aka buga ƙofa. Ni kuwa na ba su na goro har ina godiya, na shige gaba kusa da direba. Tun daga Gumel har Gujungu har Gezawa muna jin dukan kofato a bayanmu, direba yana cewa, "Rabu da shi Alhaji, zai gaji ya bari." Da muka iso Kano aka buɗe, doki ya jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi daga kogi, ƙafar baya ta hagu ta saɓule, cinyoyinsa sai rawa suke. Na ce baƙunta ce.

Bayan wata uku wani abokina ya yi aure a Bichi, aka shirya hawan angwanci. Tafiyar ba ta kai ta awa ɗaya ba. Amma sai da muka shafe awa ɗaya da rabi kafin mu sa shi a mota, kuma da irin hanyar da na gani a Maigatari muka sa shi, don ita kaɗai na sani. Ba mu wuce Dawanau da nisa ba direba ya taka birki saboda wani mai babur, muka ji rim! Doki ya faɗi. Kansa na rataye da igiya, ƙafafu sun shige ƙarƙashinsa, da ƙyar aka yanke ragamar. Ranar ban hau ba. A ƙasa na yi kallon hawan, ina tsaye da rawani da alkyabba kusa da dokin da ko harawa ya ƙi kallo.

Da na dawo na ce sayar da shi zan yi, dokin taurin kai ne. Sai maganar ta kai kunnen Kawuna, wanda ya yi shekaru fiye da 30 yana kula da bargar wani hakimi kafin ƙafa ta hana shi. Ya sa aka kawo shi gidana a Keke Napep, ya zauna a kan turmi ya daɗe yana kallon Bidi a turke. Can ya ce, "Ɗan nan, in ana tafiyar kai a ina kake zama?" Na ce, "A gaba mana, Kawu." Ya ce, "To gobe ka hau baya. Ka tsaya inda yake tsayawa, ka goya hannuwanka, kada ka riƙe komai. In ka dawo ka zo mu yi maganar sayarwa."

Akwai wani maƙwabcinmu mai Canter da ke jigilar hatsi daga kasuwar Dawanau, a bakin layinmu yake kwana da motar. Shi ya kai mu Bichi ranar auren nan. Na roƙe shi, yana dariya ya ɗauke ni. Wallahi ko fita unguwa ba mu yi ba na saki goyon hannun. Ƙasan bodin ƙarfe ne, buhuna sun goge shi har yana sheƙi. Kwanar farko ta watsa ni jikin bango. Shi direba yana ganin rami tun daga nesa, jikinsa ya shirya. Ni a baya ba na ganin komai, sai dai in ji ƙasa ta gudu daga ƙarƙashina. Tamfol yana faɗa-faɗa a saman kaina, ƙofar baya tana ƙara kamar ana dukan gwangwani, hayaƙin salansa yana shigowa ta wata ɓula. Mintuna 20 muka yi, na sauko gwiwoyina suna rawa irin rawar da na gani a cinyar Bidi. Ni ke nan mai ƙafa biyu da hannu biyu, wanda ya san inda za a da lokacin da za a tsaya. Ina ga dabba mai nauyin buhun masara uku ko fiye, a kan kofato, a kan ƙarfen da fitsari ya jiƙa, an kuma ɗaure masa wuyan da yake daidaita jikinsa da shi?

Da na koma Kawu bai ce ai na faɗa maka ba. Cewa ya yi, "Doki ba abin da yake tsoro kamar faɗuwa. A dawa wanda ya faɗi shi kura ke ci." Ya ce a zamaninsu ba wanda ke sa doki a mota, in za a Katsina kwanaki ake yi ana jan su ana ya da zango. Yanzu da zamani ya kawo mota, sai a gyara motar kafin a nemi gyara dokin. Ina da wata biyu da 'yan kwanaki kafin auren ɗan ƙanwar mahaifiyata a Katsina, kuma na riga na yi alkawarin zuwa da dawakaina biyu.

Daga ƙasan motar muka fara. Na samo tsohuwar roba mai kauri a wajen 'yan gwangwan, irin bel ɗin da ke jan kaya a masana'anta, aka yanka ta daidai faɗin bodi yadda za a shimfiɗa a naɗe, don mai mota ya ci gaba da sana'arsa. A kanta muke zuba yashi mai ɗan danshi. Da farko buntun shinkafa na so sawa don yana shan fitsari, sai muka ga iska na tayar da shi ya shiga hanci, muka bari. Mai walda ya toshe ɓular hayaƙi, ya sa wa sakatar ƙofa roba ta daina ƙara, ya kuma yi mana maƙalai da za a gitta itace a raba bodin gida biyu. Itacen muka naɗe da tsofaffin buhuna. A nan na yi kuskuren da Kawu ya gyara: na matse wurin sosai ina ganin in ba fili ba zai faɗi ba. Ashe doki a mota buɗe ƙafafun baya yake yi ya tokare, in ka hana shi wurin buɗewa sai ya shiga kartar bango da kofato, shi ne dukan da muke ji. Aka ƙara masa fili. Tamfol kuma muka ɗaure shi tamau a sama don inuwa kawai, gefe da gefe a buɗe.

Kafin a fara komai da dokin, na kira likitan dabbobi. Gaskiya ba don ya duba shi na kira ba, allurar barci nake so, don na ji ana yi. Ya ce, "Alhaji, akwai allurar, kuma akwai ranar da ake yin ta, kamar dokin da ya ji ciwo dole a kai shi asibiti. Amma kai matsalarka dokinka ba ya iya tsayuwa a mota, ka kuma ce in ba shi abin da zai sa shi layi?" Ya ƙara da cewa doki ba ya koyon komai cikin maye, in ta sake shi tsoronsa na nan, kuma wata daga cikin alluran tana da haɗari ga ingarma, tana iya sa gabansa ya fito ya ƙi komawa. Wannan kaɗai ta ishe ni. Ya lalube bayansa da ƙafafunsa, ya tarar gaɓar ƙafar da ta saɓule tana da sauran kumburi, ya ce a ba shi mako biyu. Ya koya mini abubuwan da nake jin kunyar cewa shekara da shekaru ina kiwon doki ban sani ba: zafin jikin lafiyayyen doki tsakanin digiri 37.5 ne da 38.5, bugun zuciyarsa in yana hutawa 28 zuwa 44 a minti, ana jin sa da yatsa a jijiyar ƙarƙashin muƙamuƙi. Ya ce doki ta hanci kaɗai yake numfashi, kuma sai ya sunkuyar da kai majina da ƙura suke gangarowa su fita. In aka ɗaure kansa sama na awanni sai dattin ya sauka huhu, bayan kwana ɗaya zuwa uku zazzaɓi ya kama shi, mutane su ce sammu ne ko iskar gari.

Makon biyun nan ba mu zauna ba. Kawu ya sa aka kwantar da wata tsohuwar ƙofar katako a tsakar gida. Aikin shi ne Bidi ya taka ta ya wuce, don ya saba da ƙasa mai amo a ƙarƙashin kofato. Ranar farko tsallake ta ya yi. A nan na koyi abin da duk sauran aikin ya rataya a kansa. Ka ja ragama kaɗan, ba fizga ba, ka riƙe. Da zarar ya matso, ko da nauyinsa kawai ya karkato gaba, ka saki nan take. Sakin nan shi ne ladansa, da shi yake gane abin da kake so. Ni kuwa da, in ya matso sai in ƙara ja don in ci riba, ashe horo nake masa a kan ya yi daidai. Kawu daga kan turminsa sai ya riƙa daka mini tsawa, "Saki! Kai, saki mana! Hannunka ya fi bakinsa tauri." Muka koya masa taku ɗaya gaba, tsaya, taku ɗaya baya, har ya zama da ɗan motsin yatsa yake yi. Ja da bayan ya fi ba mu wuya, kuma shi ya fi amfani daga baya.

Sannan aka zo kan mota. Na daidaita da maƙwabcina, bayan sallar asuba kafin ya fita ya ba ni rabin awa, ranar Juma'a kuma da ba ya fita da wuri ya ba ni safiya sukutum, ni kuma in riƙa sa masa mai. Akwai wani tudun ƙasa a filin bayan layinmu, muka gyara shi da shebur har ya yi daidai da bakin bodi, ba tazarar da kofato zai faɗa. Muka juya motar yadda hasken gabas zai shiga cikinta, domin idon doki yana daɗewa kafin ya saba da duhu in ya fito daga haske, abin da kake gani bodi shi rami yake gani.

Kwana uku na farko ko tudun bai hau ba. In maciji ya sari mutum, ko baƙin tsumma ya gani sai ya zabura. Tun daga nisan taku 20 yake kafewa, ya ɗaga kai, hanci ya buɗe, ya yi ta sakin kashi kaɗan-kaɗan mai ruwa. A inda ya tsaya nan muke ajiye masa dusarsa ya ci, gobe a matso da ita. Yaran unguwa suka mai da mu abin kallo, wani dattijo mai dawowa daga masallaci ya ce mini, "Alhaji, doki ne ko amarya?" A kwana na shida ya miƙa wuya ya shinshina robar, ya yi huci, ya kafta mata kofato sau biyu. Na ɗaga hannu zan hana shi, Kawu ya ce in bar shi, tambayar ƙasa yake ko za ta ɗauke shi. Kwana na takwas ya sa ƙafafun gaba. Raina ya ce in ja shi ya ƙarasa, ga shi saura ƙiris. Kawu ya ce a mai da shi baya a tafi gida. Na ji haushi ranar, amma hikimar ita ce ni zan ce ya fita kafin shi ya ce zai fita, ya san akwai hanyar fita kuma ba a guje ake bin ta ba. A kwana na 12 ya shiga gaba ɗaya yana bin tsohon dokina Akawal, wanda ya sha tafiya har barci yake yi a mota. Ya ci harawa loma uku, muka fito.

Sai muka yi ɓarna. A kwana na 15, yana ciki yana cin abinci hankali kwance, yaron mota ya ga abin ya yi kyau, ba wanda ya sa shi, ya ɗago ƙofa ya buga. Bidi ya yi baya da ƙarfi ya daki ƙofar, Allah ya taimaka ban ɗaure shi ba, da ya karya wuya ko ya tsinke ragama. Kwana huɗu muka koma muna ajiye dusa a gindin tudu. Ban yi wa yaron faɗa sosai ba, don abin da ya saba yi wa buhu ya yi. Daga nan muka kafa doka: ba a ɗaure doki sai an rufe baya, ba a buɗe baya sai an kwance shi. Ƙofar kuma muka riƙa ɗaga ta rabi a sauke, a ɗaga a sauke, sau goma a safiya ɗaya, har ya daina waiwaye. Ɗaurin da ragama ne ba da linzami ba, ba sirdi a bayansa, igiyar da tsawon da zai iya sauke kai zuwa ƙirji amma ba za ta kai ya sa ƙafa a ciki ba, da ƙullin da ja ɗaya ke kwance shi.

Wani abu da dokin ya koya mana da kansa: wata Juma'a muka cire itacen tsakiya muka bar shi shi kaɗai a sake, mota na tsaye. Sai ya juya ya tsaya a karkace, gindinsa wajen direba, fuskarsa wajen ƙofar baya. Sau uku muna gwadawa haka yake yi. Muka sa mai walda ya mayar da maƙalan yadda zai tsaya hakan. Da na yi tunani sai na ga dalili, nauyin doki a gaba ya fi yawa, in aka taka birki yana fuskantar gaba kansa ne zai tafi bango, in kuwa ya ba da baya sai ya zauna a kan cinyoyi.

Tayar da inji bai dame shi kamar yadda na zata ba, kwana biyu ya saba. Direban ne aiki. Mutumin kirki ne, amma shekara 20 yana ɗaukar kayan da ba sa kuka. In na ce ya bi a hankali sai ya ce ai a hankali yake. Sai na cika bokiti da ruwa na ajiye a tsakiyar bodi ba doki, na ce mu zaga unguwa, in ya dawo da ruwan bai zube ba kuɗin man ranar ninki biyu. Zagayen farko ko rabi bai rage ba. Ya tsaya yana kallon bokitin ya ce, "Ikon Allah." Ya ɗauki abin gasa, har yaronsa yake sa wa ya duba masa. Ya koyi sakin totur tun daga nesa maimakon birki, ya shiga kwana kamar mai ɗauke da ƙwai, kuma kada ya ƙara wuta sai motar ta miƙe sarai, don lokacin da kan mota ya gama kwana bayanta bai gama ba. Sannan muka fara fita da dawakan, mintuna biyar, goma, rabin awa. Kullum mu dawo gida ko mu sauka wani fili ya ɗan ci ciyawa, don kada ya ɗauka duk shiga mota wahala ce ke jiran sa a ƙarshe. Ɗan bargana yana tsayawa ta wajen kawunansu, bayan wani itacen da muka gitta, ba a tsakaninsu ba. Doki in ya firgita bai san mai shi ba.

Ana jibi hawa muka tashi, ba ana gobe ba, don su sami kwana guda su huta. Kano zuwa Katsina wajen kilomita 170 ne. Da asuba muka yi lodi, lokacin hunturu ne, na ba su harawa da ruwa tun da dare da kuma kafin tashi, amma na rage tsaba. Harawar da za su ci a hanya na yayyafa mata ruwa saboda ƙura. Bidi ya tsaya a bakin bodi ya yi hucinsa, ya kafta kofato, ya shiga. Ko minti biyu ba a yi ba. Wannan karon ma a gaba na zauna, amma kunnena na baya. Da muka wuce daidai inda ya faɗi bayan Dawanau na ji gabana ya faɗi, shi kuwa shiru. Bichi, Tsanyawa, motoci na ta yi mana hon suna wuce mu, direba ko a jikinsa.

A Gidan Mutum Ɗaya muka tsaya ƙarƙashin wata bishiya, aka kashe inji, ba mu sauke su ba. Tsayuwar kanta hutu ce, don duk tafiyar nan aiki ƙafafunsu ke yi kamar masu tafiya a ƙasa. Na hau na duba. Wuyansa da ɗan gumi, ba kumfa, bugun zuciya 48. Na tsunkuli fatar wuyansa na saki, ta koma nan da nan, alamar ruwan jikinsa bai ƙare ba. Na zo da jarka biyu na ruwan gida, don doki yakan ƙi ruwan da bai san warinsa ba. Akawal ya sha rabin bokiti, Bidi ya tsoma baki ya ɗauke. Sai da na barbaɗa dusa a kai ya ɗan zuƙa. Bai yi fitsari ba sai da muka yi kusan mintuna 15 a tsaye, ashe riƙewa yake in mota na motsi. Muka bi ta Kankiya da Charanchi, hantsi ya ɗaga muka shiga Katsina.

Mutanen Katsina ba a burge su da doki, garin Sarki Usman Nagogo ne, 'yan folo sun saba kai dawakai Kano da Kaduna har Ikko a motocin da aka ƙera don haka. Wani tsohon ɗan barga a gidan da muka sauka ya leƙa Canter ɗinmu, ya taka yashin, ya girgiza itacen buhunan, ya tambayi wa ya tsara mana. Na ce Kawuna. Ya ce a gaishe shi. Bidi ya sauko da baya taku ɗaya-ɗaya, ya girgiza jiki, ya sunkuya ya yi atishawa sau uku, baƙar ƙura ta fito. Na ja shi ya ɗan zaga, na zuba masa harawa a ƙasa don kansa ya zauna a sunkuye. Da yamma na auna zafinsa 38.1, da safe 37.9, kashinsa lafiya. Ranar hawa ya yi taƙama a gaban ango kamar ba shi ne na Bichi ba.

Har yanzu sai ya yi hucin nan da kaftar kofato kafin ya shiga, na daina ƙoƙarin hana shi. Kuma motar maƙwabcina kaɗai ya yarda da ita. Kwanakin baya ta lalace, na ɗauko wata, na shimfiɗa robar da yashin da komai, ya zo taku biyar daga bakinta ya kafe. Na aika a gaya wa Kawu, ya ce a ɗauko kwanon dusa.